Goron da Bai Dawo Daga Nima Ba

Zongo, Lome
Farkon watan Rajab

Zuwa ga Yaya Inoussa, a Nima, Akra.

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Na ji an ce ƙafa tana damunka, Allah ya sauwaƙe. To gaisuwa ta ƙare, saura magana.

Yaya, ina gorona?

Kada ka ce ka manta. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, ni na raka ka har bodar Aflao da huhun goro a kaina, fari da ja, wanda na zaɓa da hannuna a kasuwa. Kai ne wakilina. Aka ce ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za ka karɓa mini auren Hannatu a hannun mahaifinta a Nima, mu kuma a nan gwaggonta Ummu Hani ta dafa abinci a kawo mini amarya. Mun yi namu. Kowa ya san idan wakili ya karɓi aure yakan dawo wa ango da ɗan goron da aka yi fatiha a kansa, ya ce ga naka, Allah ya sanya alheri. Ko guda ɗaya ban gani ba. Kai ma ban gan ka ba.

Na san an rufe boda a wancan makon. Amma bodar ta buɗe, Yaya. Ta buɗe, ta sake rufewa, ta sake buɗewa, mutane suna wucewa da awaki da katifu, kai kaɗai ne ta ƙi bari ka wuce. Aka haifi Ayouba, na aika maka, ba ka zo suna ba. Aka haifi Yasmine, ka aiko da sabulu ba ko gaisuwa. Na tsaya a gaban wuta ina gasa tsire a Nyékonakpoè har hayaƙi ya cinye mini rabin ido, duk mutumin Nima da ya tsaya a teburina sai na tambaye shi kai, a ce kana nan lafiya ƙalau har ka yi tumbi. Me na yi maka?

Yara sun ce in kira ka a waya. Na ƙi. Maganar waya iska ce, gobe mutum ya ce bai faɗa ba. Ni ban yi lakwal ba, ban taɓa zama a ajin boko ba, amma na san abin da aka rubuta ba ya gudu. Ilyas mai shagon fotokopi na bakin masallaci ne yake rubuta mini, kuma na ce masa ya sa komai yadda na faɗa, kada ya yi mini kwalliya. Samir direba zai kawo maka.

Ga abin da ya sa na karya shirun da na yi. Ayouba yana harkar fito da motoci a Adakpamé, Allah ya buɗa masa, ya biya mana Makka ni da uwarsa. Kamfanin da zai kai mu ya ce a kawo takardar aure. Na ce musu furfurar nan tawa da tata ita ce takarda, yarinyar ofis ta yi dariya ta ce ba ta shiga kwamfuta. Limanmu ya ce zai rubuta mana, amma in kawo sunan wanda ya bayar, da wanda ya karɓa, da shaidu. Wanda ya karɓa kai ne. Wanda ya bayar Allah ya jiƙansa. Shaidun fa? Su wa suka zauna a wurin? Ni ba na nan, kai kake nan.

Ka aiko mini da sunayensu. Goron na san ya daɗe da zama ƙasa, amma ban yafe ba tukuna.

Ka gaida mutanen gida. Wassalam.

Ƙaninka,
Nata'ala

*

Nima, Akra

Zuwa ga ƙanina Nata'ala.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta same ni, na gode wa Allah da ya nuna mini ranar da ka tuna kana da wa. Ƙafa da sauƙi. Ina taya ku murnar kiran da Allah ya yi muku, ya sa a je lafiya a dawo lafiya.

Na karanta abin da ka aiko, na ajiye, na yi alwala, na sake karantawa. Ina roƙonka kafin a karanta maka wannan ka nemi wuri ka zauna, kuma kada kowa ya kasance kusa.

Nata'ala, ba a ɗaura aure a Nima ba.

Na iso na tarar an kwantar da mahaifin Hannatu a asibiti, ba ya ko gane mutane. Dangi suka ce ba a yin fatiha mai bayarwa yana wannan hali, a dakata. Washegari aka rufe boda. Ka san lokacin, ba waya a hannun kowa. Na sami wani mai kifi da yake bi ta hanyar daji yana shiga Lome, na kwatanta masa gidan Gwaggo Ummu Hani, na ce ya gaya muku a dakata. Ya rantse mini zai kai saƙo. Tsohon bai tashi ba. Goronka a zaman makokinsa aka ci shi, domin na ga zai bushe, na ce gara ya zama sadaka. Sadakin kuwa na damƙa wa mahaifiyarta ajiya, da shi ta yi wa Hannatu tukwanen da aka kai muku daga baya.

Da boda ta buɗe, labarin da ya fara iso mana shi ne amarya tana ɗakinta har da juna biyu. Me kake so mu ɗauka? Muka ce saƙo ya isa, mutanen Lome sun gaji da jira, mijin Gwaggo ya tsaya a madadin uba, sun ɗaura abinsu a can. Haka mahaifiyarta ta ɗauka har ta koma ga Allah. Da Hannatu ta zo ta'aziyyar mahaifinta ba wanda ya tambaye ta, wa zai dubi mace da ciki ya ce yaushe aka ɗaura miki aure?

Ka tambaye ni me ka yi mini. Ni a zatona ka tuɓe ni daga wakilci ka naɗa wani, ba ko sallama, bayan na kwana a benci a asibiti saboda surukinka. Sannan ka aiko direba ya ce mini a gaban jama'a wai na cinye goron ango. Shi ya sa ban zo suna ba. Kai kana can kana fushi da ni, ni ina nan ina fushi da kai, ashe mai kifi ne bai kai saƙo ba.

Ba ni da sunan shaidu da zan ba ka, domin babu su. Ka je wurin Liman kai kaɗai, cikin sirri. Abin da ba a yi da gangan ba Allah ba ya kama bawa da shi.

Ina gaida Hannatu da yara.

Wanka,
Inoussa

*

Zongo, Lome

Yaya Inoussa,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, amma ba da daɗin rai ba.

Ka ce kada kowa ya kasance kusa. Ka manta ba ni nake karatu ba? Wannan gargaɗin naka a cikin takardar yake, sai da aka karanta shi na ji shi. Ilyas kuma idan injinsa yana aiki da ƙarfi yake magana kamar mai wa'azi. Hajiya Safina mai koko tana tsaye tana jiran a buga mata katinta, ga 'yan zemijan biyu, masu acaɓa, sun fake wa rana a bakin ƙofa. Ilyas ya karanta "kada kowa ya kasance kusa", bai tsaya ba, ya zarce "ba a ɗaura aure a Nima ba", sannan ya rufe bakinsa da hannu. Hajiya Safina ko katin ba ta karɓa ba. Yanzu ma shi yake rubuta wannan, tunda ba abin da ya rage bai ji ba, amma na sa ya kashe inji ya rufe ƙofa.

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Na tarar da Hannatu a tsakar gida tana daka mini yajin tsire. Ta ce, "Maigida, gaskiya ne?" Na ce ƙaryar mutanen Nima ce. Ta ce, "Yaya Inoussa ba ya ƙarya." Ta ajiye taɓarya ta yi ta dariya har ta riƙe ciki, ina cewa mene ne abin dariya, sai na ga dariyar ta koma kuka. Ban san abin da ake yi wa mace a irin wannan ba. Na ɗauki taɓaryar na ci gaba da dakan.

Liman da kansa ya zo bayan la'asar. Ya ce, "Baba Nata'ala, ka kwantar da hankalinka. Ba ku da zunubi, kun zauna ne a kan kun yi aure. Ayouba da Yasmine 'ya'yanka ne, ba mai taɓa wannan. Amma yanzu da aka sani, sai a ɗaura. Kafin nan Mama ta ɗan koma wurin 'yarta."

Na ce, "Malam, ranar da aka kawo matar nan gidana kai ko wando ba ka fara sawa ba."

Ya ce, "Haka ne, Baba. Amma ba a ɗaura ba."

Yasmine ta zo da mota ta ɗauke uwarta zuwa Avédji. Da safe na fito, 'yan zemijan suna ta danna oda suna cewa, "Ango! Tsohon tuzuru, yaushe ne biki?" Yaran da na ba ubanninsu tsire kyauta ranar sunansu.

To ka ji matsayina. Ba zan zauna a sake ɗaura mini aure ba. In na yarda, na yarda ke nan cewa duk zaman da muka yi ba komai ba ne. Matar da ta yi jinyar uwata har ta rufe mata ido, yau a ce mini baƙuwa ce?

Kuma ina da hujja. Akwai wani akawu ɗan Gana da ya daɗe yana cin tsirena, mai karatu ne sosai, kullum da jarida a hammata. Ya taɓa gaya mini cewa a dokar Ingilishi, idan mace da namiji suka shekara bakwai a ɗaki ɗaya, mutane suna kiran su mata da miji, to gwamnati ta ɗauke su ma'aurata, ko ba liman ko ba fadan coci. Hannatu haifaffiyar Gana ce, dokar ta hau kanta. Bakwai nawa muka yi? Mun yi aure mun sake yin aure ke nan ba mu sani ba.

Kai kana ƙasar masu dokar. Ka nemi lauya ka tambayar mini, ya rubuto a takarda mai hatimi in kai wa Liman da yarinyar ofis. Wannan karon kada ka ba mai kifi.

Maganar direban da na aiko, ban ce ya faɗa a gaban jama'a ba. Shi ya ƙara nasa.

Nata'ala

*

Nima, Akra

Ƙanina,

Wa alaikumus salam. Na yi baƙin cikin yadda maganar ta fita. Laifina ne da ban rubuta gargaɗin a bayan ambulan ba.

Na yi abin da ka sa ni. Akwai 'yar maƙwabcina, Hamdiya, lauya ce, na aika ta zo har gida. Ta ce mutane da yawa suna zuwa mata da wannan maganar ta shekara bakwai, wasu ma su ce goma. Ta ce akwai wasu wurare can nesa da suke duba irin wannan zama, amma a nan zama tare shi kaɗai ba ya ɗaura aure, komai daɗewarsa. Ko auren gargajiya sai dangi sun zauna, an nema an bayar. Ta ƙara da cewa ko da akawunka ya yi gaskiya, kai a Togo kake kwana. Ba ta ba ni takarda mai hatimi ba, ta ce ba ta sa hatimi a kan abin da babu.

Yanzu ka saurari wanka. Ba wanda ya ce zamanku ba komai ba ne. Shekaru sun yi muku abin da shekaru suke iya yi, ga 'ya'ya, ga jikoki, ga Makka tana kira. Ɗaura aure ne ba aikinsu ba. Wannan aikin mutane ne, kuma mutanen suna da rai. Mutum nawa ne irin wannan kuskure yake fitowa bayan an binne ɗayansu? Kai naka ya fito kana tsaye da ƙafarka, ita ma haka.

Na je na sami Zulkifli, ƙanin Hannatu, shi ne waliyyinta yanzu. Da ya gama salati sai da ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce a shirye yake ya zo Lome, ni ma zan ɗaure ƙafata in biyo shi. Amma ya ce ba zai bayar da yayarsa ba sai ya ji daga bakinta cewa tana so. Ka tambaye ta kuwa?

Na yafe maganar direba. Kai ma ka yafe goro.

Wanka,
Inoussa

*

Zongo

Zuwa ga Maman Yasmine, a Avédji.

Salamu alaikum. Da fatan kin kwana lafiya, da yara da jikoki. Ya ciwon bayan? Katifar gidan nan tasu taushi gare ta, na sha faɗa, ki sa a shimfiɗa miki a ƙasa.

Ba sai na ɓoye ba, lauyar Gana ba ta goyi bayana ba. Yarinya ce, ban san irin karatun da ake yi musu yanzu ba. Amma na gaji da jayayya, kowa ya haɗe mini kai. Ga abin da na yanke. Yaya Inoussa zai zo da Zulkifli. Ranar da suka iso, bayan sallar asuba idan mutane sun watse, Liman ya tsayar da mutum biyu masu riƙe baki, Yaya ya karɓa mini kamar yadda aka shirya tun farko, a shafa fatiha. Ni ba sai na zauna ba. Da hantsi Yasmine ta dawo da ke. Ba kiɗa, ba abinci, ba Hajiya Safina. Ki gaya wa Zulkifli kin yarda, don ya ce sai ya ji.

Ki yi sauri da wannan magana. Yajin da kika bari ya ƙare. Na haɗa da kaina, wani ya ci ya tambaye ni ko na sayar da teburin ne. Na duba ko'ina ban ga inda kike ajiye maganin idona ba. Kazarki mai wake-wake ta ƙi shiga akurki, ni kuma ba zan bi kaza da gudu a shekaruna ba. Gidan ya yi shiru, rediyon ma ban san tashar da kike kamawa ba.

Ban ce ina kewa ba. Na ce abubuwa sun lalace.

Maigidanki,
Nata'ala

*

Avédji

Zuwa ga Malam Nata'ala mai tsire.

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Ilyas da aka ce yanzu yana rufe ƙofa. Yasmine ce take rubuta mini, tana dariya, na ce ta yi shiru ta yi aikinta.

Ka ji na kira sunanka. Tun ranar da aka kai ni gidanka bakina bai taɓa furta shi ba, ko a asibiti aka tambaye ni sai in ce baban yara. Yanzu an ce ba mijina ba ne, to na ɗana. Nata'ala. Ashe suna ne mai daɗi.

Maganin ido yana cikin gwangwanin madara a kan taga, inda yake tun bara. Kaza ka watsa mata tsaki a cikin akurkin ka matsa gefe, za ta shiga. Yaji kuwa ba zan faɗa ba. Ba a ba baƙo sirrin gida.

Na ji abin da ka yanke. Ban yarda ba.

Kwanakin farko na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Na ce me zan ce wa Allah, me zan ce wa surukan Yasmine. Da Liman ya yi mini bayani hankalina ya kwanta, sai na zauna ina tunani. Wancan karon me ya hana ka zuwa Nima? Ba boda ba ce, a buɗe take ranar da ka raka Yaya. Ka ce ango ba ya zuwa, ga shi ƙarshen shekara ne ciniki ya buɗe, ba za ka rufe tebur ba. Da ka je, da ka ga Baba da idonka, da duk wannan bai faru ba. Ban riƙe ka da shi ba, haka kowa yake yi. Amma ka aika wakili sau ɗaya mun ga yadda ta ƙare, yanzu kuma ka ce a sake, da asuba, a ɓoye, kamar mun yi sata?

Ni ban yi abin kunya ba. Na zauna da kai da zuciya ɗaya. Na ci daɗi na ci wuya, na sha faɗanka da safe na sha da yamma. Idan za a ɗaura, da rana za a ɗaura, bayan Juma'a, kana zaune a sahun gaba da babbar rigarka, Hajiya Safina ta ci shinkafa ta kai labari inda ta kai wancan.

Daga nan mu je meri, ofishin magajin gari inda hukuma take ɗaura aure. Yasmine ta ce a can ana tambayar mace da bakinta, ana tambayar namiji da bakinsa, a gaban mutane. Ina so a tambaye ni. Kuma ina so in ji kai ma an tambaye ka.

Kafin duk wannan, akwai abin da ba ka yi ba. Ka ce in gaya wa Zulkifli na yarda. Wa ya tambaye ni? Takardarka daga sama har ƙasa yaji ne da kaza. Lokacin da nake sayar da wake da shinkafa a rumfar Gwaggo, kullum sai ka zo ka sayi abincin da ba ka jin yunwarsa, ka tsaya kana kame-kame. Wannan mutumin nake so ya zo Avédji. Da ƙafarsa, ba da Ilyas ba.

Ka riƙa cin abinci. An ce ka rame.

Hannatu

Papa, ni ce Yasmine. Pardon, amma tun yaushe nake gaya maka? A nan Togo ko shekara ɗari kuka yi tare, in ba ku je mairie ba, a idon hukuma Mama ba matarka ba ce. Ko an ɗaura a masallaci sai an je. Da wani abu ya same ka, Allah ya kiyaye, ba ta da takardar da za ta nuna wa kowa. Ni zan haɗa dossier ɗin, duk takardun da ake nema, kai dai ka zo. Za su tambaye ka mace ɗaya ka zaɓa ko fiye, ka shirya amsa, Mama ta ce za ta kasa kunne. Kuma ka zo da tsire, jikokinka suna tambaya.

*

Zongo
Watan Sha'aban

Hannatu,

Salamu alaikum. Tunda kin kira nawa, ga naki.

Kin ce in zo, na zo. Na sa babbar riga na hau zemijan, yaron yana ta oda tun daga Zongo yana gaya wa duk wanda muka wuce ango ne ya ɗauko. Na zauna a falon surukina kamar mai neman aiki. A gaban 'yarki da jikoki na buɗe baki na ce, Hannatu, ina son ki aure ni. Ban yi kame-kame ba, ko na yi kaɗan ne. Kika ja mayafi kika rufe fuska kamar 'yar shekara sha takwas, kika ce za ki yi shawara. Shawara da wa?

Juma'a na yarda. Sahun gaba na yarda. Meri ma na yarda, duk da ban manta teburina da suka taɓa kwashewa ba. Maganar mace ɗaya ko fiye, ki gaya wa Yasmine ɗayar ma ga yadda nake fama.

Na san abin da ake ciki, ba a ɓoye komai a Zongo. Kadidja mai ɗinki ta aiko a karɓi tsohuwar rigata don awo, ta ce shadda iri ɗaya aka kawo mata, ta mace da ta namiji. Na buɗe kwanon da kika ba ni na tarar da ƙullin yaji a ƙarƙashin tuwo. Yaya Inoussa ya aiko cewa ranar Alhamis suna tafe shi da Zulkifli, da huhun goro, ya ce wannan karon a hannuna zai sa shi. Ilyas ya ce duk wannan amsa ce, me nake nema kuma.

A'a. Wancan karon ma an dafa shinkafa, an yi guɗa, kowa ya ce ai an gama. Zato muka yi, mu duka. Ni na daina zato.

Gobe bayan la'asar ina ƙofar gidan, kuma ba zan zauna ba. Na yi shekara talatin ina jiran amsar Nima, ba ni da wasu talatin ɗin. Ki fito ki gaya mini da bakinki, da ƙarfi, kin san kunnen hagu ba ya ji.

Za ki aure ni ko ba za ki aure ni ba? Ki ba ni amsa.

Nata'ala